Kafin mu zuba kuɗin asusu a ruwa: wane kifi zai zauna da wane?

Bana maganar kiwon kifi ta yi yawa a bakin ƙungiyoyin asusu na Ɗan Barto da ƙauyukan kewaye. Ba abin mamaki ba ne. Muna bakin iyaka, duk wadda ta tsallaka Kwangwalam ta nufi Daura ko Kano tana ganin yadda ake kiwon tarwaɗa a kwamin siminti har cikin gidaje. Ga kuma ruwa kusa a fadamunmu na Korama, inda ake noman rake da kayan lambu. Sai rai ya ce, mu ma me zai hana?

Babu abin da zai hana, amma a tuna kuɗin wa za a zuba. A ce mu 25 ne, kowace tana zuba dala 50 duk mako. A wata shida mun tara jika 162 da rabi. Kuɗin ƙuli-ƙuli ne, da na ƙosai, da na daka. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe asusu shi ne ba a shigar da mace sai an san halinta. To kifi ma haka yake. Tambaya biyu za a yi masa: zai jure ruwanmu? Zai zauna lafiya da maƙwabcinsa?

Tarwaɗa: mai juriya, mai haɗama

A juriya babu kamar tarwaɗa. Allah ya yi mata wata halitta a bayan kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa za ki gan ta tana leƙo baki sama tana komawa. Ruwa ya yi zafi, ya yi laka, ya ragu, tana nan da ranta. In ta samu abinci mai kyau, cikin wata shida tana iya kaiwa kilo guda.

Aibinta biyu ne. Na farko, babba yana cin ƙarami, ko da ɗan'uwansa ne. Ki zuba 300 masu bambancin girma, ranar kamu ki rasa inda da yawa suka shiga, a fara zargin mai gadi, alhali ɓarawon yana cikin ruwa. Maganinsa a sayi ƴaƴa masu girma ɗaya, kuma a riƙa tace su duk mako biyu a watannin farko, manya gefe, ƙanana gefe. Na biyu, cinta da tsada. Tana son abinci mai gina jiki, kuma kuɗin abincin yakan cinye fiye da rabin jarin. Ba ta kuma cika hayayyafa da kanta a kwami ba, kowane zubi sai an sake sayen ƴaƴa.

Karfasa: mai sauƙin ci, mai yawan haihuwa

Karfasa kifin talaka ce. Tana cin koren nan da ke fitowa cikin ruwa, tana cin dusar gero da ta masara. In aka ɗaure ɗan takin dabbobi cikin buhu aka ajiye a kusurwar kududdufi, ruwan zai yi kore, abincinta ke nan. Gwajin kuwa a hannunki yake: ki tsoma hannu har gwiwa, in kin daina ganin tafinki, takin ya isa, a cire buhun.

Uwar tana rainon ƙwanta cikin bakinta, don haka ƴaƴa da yawa suna rayuwa. Nan matsalar take. Tun tana ƙarama take fara haihuwa, kafin ki ankara ruwa ya cika da ƙananan kifi, ba wanda ya kai na sayarwa. Kuma ba ta da juriyar tarwaɗa. In iska ta yi ƙaranci cikin ruwa, da asuba za ki tarar da su a sama suna haki. Sanyin hunturu ma yana rage mata ci da girma, saboda haka kada a soma zubi a Disamba ko Janairu.

Yadda ake haɗa su

Abin sha'awa, aibin wannan shi ne maganin aibin waccan. Tarwaɗa kaɗan cikin karfasa da yawa za su riƙa cinye rarar ƴaƴan, manyan karfasa su samu wurin girma. Amma da sharaɗi: karfasa ke fara shiga. A bar ta wata ɗaya ko biyu ta yi jiki, sannan a kawo tarwaɗar da ba ta kai ta girma ba. Dokar ita ce, duk kifin da zai shiga bakin wani, abincinsa ne.

Ga misali. Kududdufi mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, zai ɗauki karfasa 200 zuwa 300, da tarwaɗa kamar 20 zuwa 30. In kuwa ƙaramin kwamin siminti ne a gida, kada a haɗa, tarwaɗa zalla ta fi. Ko masu ajiye kifin ado cikin gilashi a birni wannan dokar suke bi: su soma da kaɗan masu juriya, masu girma ɗaya.

Waɗanda za a bari a inda suke

Wani zai ce ku sa giwan ruwa, ta fi kuɗi. Gaskiya ne tana da kuɗi, amma kifin babban ruwa ce, kifi take ci, kuma tana iya wuce kilo 100. A shekarun 1950 aka zuba ta a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka, daga baya ƙananan kifayen tafkin iri-iri suka ɓace. In ta yi wa babban tafki haka, ina ga kududdufinmu? Tsage ma haka, haƙoransa sun isa shaida. Gaiwa ta fi kowa juriya, tana shiga laka ta jira wata damina, amma ba abokiyar zaman ƙananan kifi ba ce. Kuma kada a yarda yara su kamo kifi a tabki su jefa ciki don taimako. Ba a san irinsa ba, ba a san cutar da ya ɗauko ba.

Ruwa kafin kifi

Ƙasarmu rairayi ce a wurare da yawa, tana shan ruwa. A cika ramin a zuba ido kwana bakwai a ga ko zai riƙe, in ba haka ba sai an daɓe da yumɓu ko an shimfiɗa tamfol. Sabon siminti yana da kaifi, yana kashe kifi: a jiƙa shi kamar mako biyu, a zubar, a wanke, a sake cikawa. Ruwan famfo a bar shi ya kwana biyu maganin da ke ciki ya fita. Maganin ƙwarin lambu kuwa, ko bokitin feshi kada a wanke kusa.

A ɗauko ƴaƴan kifi da sassafe. In an iso, a ajiye ledar bisa ruwa kamar minti 20, a riƙa zuba ruwan kududdufi ciki kaɗan-kaɗan, su fita da kansu. Ranar ba a ba su abinci.

In tabkin gari ake so a zuba wa kifi, wannan ba na ƙungiya kaɗai ba ne. A fara ganin maigari da ma'aikatan gandun daji, a kuma lissafa ko ruwan zai kai wata shida bai ƙafe ba. Kududdufi kuma a yi masa shinge saboda yaranmu.

Shawarata ga kowace ƙungiya: zubin farko na koyo ne. A ware abin da ba zai karya asusu ba, a tanadi kuɗin abinci na wata shida tun kafin a sayi kifi ko ɗaya, a naɗa mata biyu masu kula, sakatariya ta riƙa rubuta abin da aka zuba, abin da ya mutu, da abin da aka ciyar. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In zubin farko ya yi kyau, littafin ne zai gaya mana ko mu ƙara.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.