Sunan da ke kan imel ɗinka shi ke fara yi maka sallama

A nan Briqueterie, yawancin matasanmu a shagon waya aka buɗe musu Gmail, mai shago ya rubuta sunan da ya ga dama. Ina koyarwa, kuma duk shekara ina ganin ɗalibai suna aika takardun neman gurbi a Jami'ar Yaoundé I ko neman aiki da suna irin "Ɗan Gayu 237". Jami'in da ke karɓar ɗaruruwan saƙonni, kana ganin zai tsaya buɗe wannan?

Akwai kuma batun rubutu. A gida mu ce Umaru da A'ishatu, amma takardar haihuwa ta Kamaru da rubutun Faransanci take: Oumarou, Aïssatou. Abin da ke kan katin shaidarka shi za ka sa, harafi da harafi.

Gyaran ba wuya. Buɗe Gmail a kwamfuta, don manhajar waya ba ta da wannan wurin. Shiga "Paramètres", sai "Comptes et importation", ka nemi "Envoyer des e-mails en tant que", ka gyara sunan, ka adana. Adireshin zai zauna yadda yake; in shi ma na wasa ne, buɗe sabo.

Wannan sauƙin ne 'yan damfara ke amfani da shi. Kowa na iya rubuta "Présidence" a sunansa, alhali bai taɓa taka fadar Etoudi ba. In saƙo ya nemi kuɗi, taɓa sunan ka ga ainihin adireshin tukuna.