Wasan Bloodborne da daren mutanen Babban Duhu

A shekarar 2015 aka fitar da Bloodborne, wasan bidiyo na kamfanin FromSoftware na Japan, a na'urar PlayStation 4. Mai wasa maharbi ne a Yharnam, birnin almara da annoba ta mayar da mazaunansa dodanni. Yana kwana kisa, yana warkar da raunukansa da jini, abin da Suratul Ma'ida ta haramta cinsa.

Asalin wasa halacci ne. Sai dai ɗalibin da ke sayen tsoro domin nishaɗi ya tuna da mutanen Babban Duhu a Safana, bakin dajin Rugu, waɗanda ƴan bindiga suka hana barci. Iyaye kuma su sani, a Amurka an keɓe wasan ga ƴan shekara 17 zuwa sama.