Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Waiwaye Kan Tsofaffin Finafinan Tsira A Sararin Samaniya

A hutun da ya gabata ne na samu sarari na zauna da ɗana, ɗan shekara 16, muka kalli wani tsohon fim na Amurka mai suna Robinson Crusoe on Mars, wanda Byron Haskin ya ba da umarninsa a 1964. Ba a jima da farawa ba sai yaron ya fashe da dariya, ya ce, "Baba, ta yaya mutum zai buɗe hular kansa a duniyar Mas kuma ya ci gaba da numfashi?" Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ta shafi ire-iren waɗannan finafinai baki ɗaya: shin in ilimin da aka gina su a kai ya tsufa, su ma sun tashi aiki ke nan?

Ko shakka babu, yaron yana da gaskiya. Fim ɗin labarin wani ɗan sama jannati ne mai suna Draper da ya faɗo duniyar Mas, abokin tafiyarsa ya mutu, ya rage daga shi sai wata biranya. Ya tsira ne ta hanyar gasa wasu duwatsu masu fitar da iskar shaƙa, biranyar kuma ta kai shi ga wani tafki a cikin kogo. Masu tallar fim ɗin har bugun ƙirji suka yi cewa kimiyyarsa ingantacciya ce. To amma shekara guda kacal bayan haka, a watan Yulin 1965, sai kumbon Mariner 4 ya gifta ta kusa da Mas ya aiko da hotunan busasshiyar ƙasa mai ramuka. A yau an san cewa kusan kashi 95 cikin 100 na iskar can kabon ce, kuma nauyinta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba.

Sai dai kada mai karatu ya yi saurin yanke hukunci, domin sababbin ma ba su tsira daga wannan ba. A fim ɗin The Martian na 2015, guguwar da ta raba jarumin da abokansa ba za ta iya yin irin wannan ƙarfi a iska marar kauri ba, kuma marubucin littafin, Andy Weir, ya amsa hakan da bakinsa. Ashe ke nan kuskuren kimiyya ba shi ne ma'aunin da ya dace ba.

Abin da na lura da shi shi ne, da tafiya ta yi nisa sai dariyar yaron ta ɗauke. Bayan Draper ya samu iska da ruwa da abinci, sai ya gano cewa babban abokin gabarsa bai ma taso ba tukuna, wato kaɗaici. Ya riƙa ƙwala kira a tsakanin duwatsu don kawai ya ji amsa-kuwwa, har ta kai yana ganin mamacin abokinsa a tsaye a gabansa, amma ba ya ce masa uffan. Hausawa na cewa mutum rahama ne, kuma wannan ɓangare na fim ɗin bai tsufa ba ko kaɗan.

Inda fim ɗin ya tsufa da gaske wani wuri ne daban, kuma a matsayina na ɗalibin ilimin harsuna shi ya fi tsaya mini a rai. Da Draper ya gamu da wani bawa da ya gudo daga hannun iyayengijinsa, sai ya laƙaba masa suna Friday, kamar yadda yake a littafin Daniel Defoe na 1719, sannan ya duƙufa koya masa Ingilishi. Fim ɗin ya ɗauka a matsayin abin da ba ya buƙatar muhawara cewa baƙon ne zai bar harshensa ya koyi na Bature. Mu da muka san yadda aka yi da harsunanmu a makarantun boko ba ma buƙatar a fassara mana wannan hoto.

Idan aka kwatanta da Enemy Mine na 1985 za a ga bambanci. A nan ma abokan gaba biyu ne, ɗan Adam da wata halitta, suka maƙale a wata duniya. Amma kowannensu ya koyi harshen ɗan'uwansa, har ɗan Adam ɗin ya karanta littafin hikimar mutanen abokin nasa, ya kuma haddace jerin sunayen kakanninsa. Fim ɗin bai yi kasuwa ba a lokacinsa, amma a ganina ya fi da yawa daga cikin tsararrakinsa jure wa zamani.

Akwai kuma Marooned na 1969, inda 'yan sama jannati uku suka maƙale a kumbo iskarsu tana ƙarewa, har wani ɗan Tarayyar Sobiyet ya kawo musu ɗauki. Masu kallon yau za su ce yana jan jiki, amma 'yan watanni bayan fitowarsa, a Afrilun 1970, tankin iskar kumbon Apollo 13 ya fashe, duniya ta ga irin wannan tashin hankali a zahiri. Bugu da ƙari, da kumbunan Amurka da Sobiyet suka haɗu a sararin samaniya a 1975, Amurkawan da Rashanci suka riƙa magana, su kuma Rashawan da Ingilishi.

Saboda haka shawarata ga iyaye da malamai ita ce, kada mu bar yaranmu su auna waɗannan finafinai da ƙyalƙyalin kwamfuta kawai. Mu zauna tare da su mu tambaye su: wa yake magana, da wane harshe, kuma wa aka hana faɗin sunansa? Shi ma ɗan nawa da aka gama fim ɗin bai sake ta da zancen hula ba, tambayar da ya yi mini ita ce, "To Baba, shi Friday mene ne sunansa na gaskiya?" Allah ya sa mu dace.