Ba Kwamfuta Ce Ta Rera Waƙar Lennon Ba

Tun watan Fabrairun 2025, lokacin da waƙar "Now and Then" ta ƙungiyar Beatles ta ci kyautar Grammy, magana ɗaya ake ta juyawa a shafukan sada zumunta, har da na 'yan harkar kiɗanmu: wai ƙirƙirarriyar basira ce ta ƙago muryar John Lennon, ɗan ƙungiyar da aka kashe tun 1980. Wasu na tafi, wasu na salati, kuma dukkansu sun yi wa labarin gurguwar fahimta.

Muryar ta Lennon ce. Wajen 1977 ya zauna gaban fiyano a gidansa da ke New York, ya danna rakoda, ya rera. Murya da fiyano da ƙugin wutar lantarki duka suka hau kaset guda. A 1994 matarsa Yoko Ono ta miƙa wa abokinsa na ƙungiyar, Paul McCartney, kaset ɗin, a 1995 sauran 'yan ƙungiyar uku suka gwada aiki a kansa, suka haƙura, domin da an ɗaga muryar sai fiyano ya biyo ta. Sai da ma'aikatan mai shirya fim Peter Jackson suka ƙera manhajar da ke iya bambance murya da kayan kiɗa, sannan aka zare ta fes, waƙar ta fito a Nuwamban 2023. Wato kusan shekara talatin aka yi ana jiran a warware abin da aka dunƙule cikin 'yan mintuna.

Dunƙule sauti, abin da yaran situdiyo ke kira miksin, shi ne matakin da ake tattara layukan waƙa su koma fayil guda. A manhajoji irin su FL Studio da Cubase, kowane abu da layinsa: ganga, kalangu, sarewa, jagorar murya, 'yan amshi. Mai haɗawa ya daidaita ƙarfin kowane, ya tura wannan dama wancan hagu, sannan ya fitar da su a layi biyu, na kunnen dama da na hagu. Wannan ne waya da rediyo ke iya kunnawa.

Amfaninsa bai tsaya nan ba. Duk wanda ya taɓa zama a ƙaramin situdiyo ya ga yadda kwamfuta ke sarƙewa idan layuka sun haura talatin, kowane da nasa kayan tace murya: fanka na ihu, sauti na tsinkewa, mawaƙi na tsaye cikin ɗakin soso yana gumi. Idan aka dunƙule 'yan amshi takwas suka koma layi ɗaya, nan take na'urar ta samu numfashi, domin yanzu karanta sauti kawai take, ba lissafa shi ba. Haka kuma makaɗi a Kano zai iya tura wa mawaƙi a Yamai kiɗan a dunƙule, ba sai suna da manhaja iri ɗaya ba. Akwai kuma amfanin da ba a cika faɗa ba: yana tilasta wa mutum yanke shawara. Wanda ya bar komai a buɗe, sai ya shekara yana murɗa ƙarar kalangu bai saki waƙa ba.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1967, lokacin da Beatles ke ɗaukar faifan "Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band" a situdiyon Abbey Road na Landan, na'urarsu layi huɗu kacal gare ta. In sun cika huɗun, sai furodusansu George Martin da injiniyansa Geoff Emerick su juye su zuwa layi ɗaya ko biyu a wata na'urar, sauran layukan su buɗe, a ci gaba da ɗorawa. Kowace juyewa tana ƙara 'yar shiiii a bayan sauti, kuma abin da aka haɗa ya haɗu ke nan, kamar gishirin da ya riga ya narke a miya. Amma ga abin da ya kamata mu lura da shi: ba su goge tef ɗin farko ba. Ajiye su aka yi, da lamba da kwanan wata. Shi ya sa a 2017 Giles Martin, ɗan George, ya iya komawa kan waɗancan tef-tef na kafin juyewa ya sake haɗa faifan sabo.

To mu fa? Mamman Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Ɗan Maraya Jos a 2015. Yawancin abin da suka bari an ɗauke shi ne a zama guda, a gidan rediyo ko a filin biki, mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi da maroƙi duk a gaban makirufo ɗaya ko biyu. Wannan ba laifin kowa ba ne, iyakar abin da zamanin ya ba su ke nan. Abin takaicin shi ne abin da ya biyo baya: kaset ya haifi kaset, na goma ya shiga kwamfuta, aka matse shi ya zama MP3, aka tura waya zuwa waya har kalangun Shata ya koma wani ƙwas-ƙwas. Manhajar da ta ceto Lennon za ta iya taimakon Shata, amma sai an ba ta tef mai kyau. Ina asalin tef ɗin suke, a wane hali, wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin?

Na tsofaffi ma da uzuri. Na yau ne ba su da shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya mamaye kiɗan fina-finan Hausa, har aka koma kan kwamfuta, an yi dubban waƙoƙi a layi-layi, kowace murya a ware. Amma al'adar da ta zama ruwan dare ita ce: a dunƙule, a fitar da MP3, mawaƙi ya karɓa a waya, a goge aikin don samar wa mai zuwa wuri. Ko kuma kwamfutar ta mutu da komai a cikinta. Alhali minti ɗaya na sauti mai ingancin faifan CD megabayit goma ne kawai, MP3 kuwa ya zubar da mafi yawan wannan ya bar kusan ɗaya. Muna riƙe ɗayan, muna jefar da goman. Gobe idan mai fim ya nemi kiɗan ba murya, ko kamfanin waje ya nemi muryar ba kiɗa, sai a fara kame-kame.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana da hurumin sanin waƙoƙin da ke fita. Me zai hana a samu rumbun da za a ajiye kwafin asali? Arewa House a Kaduna tana adana takardun tarihi, jami'o'inmu suna da sassan koyar da Hausa da ke nazarin waɗannan waƙoƙi a rubuce, baitin yana takarda sautin yana ruɓewa. A zauna da gidajen rediyon da suka gaji tef-tef tun zamanin Jihar Arewa, a juye su da inganci tun kafin zafi da ƙura su gama da su.

Kai kuma mai situdiyo, ba sai ka jira gwamnati ba. Kafin ka danna fitarwa ta ƙarshe, fitar da kowane layi shi kaɗai a WAV, duka su fara daga daƙiƙar farko, ka rubuta sunan waƙa da saurin kiɗa da shekara a jikin jakar, ka ajiye a wuri biyu. Mawaƙi kuma ya nemi nasa kwafin ranar da ya biya kuɗin aiki, a sa shi cikin cinikin tun farko.