Sallama Ɗaya, Masu Gida Da Yawa: Abin da Ke Bayan Fuskar Na'ura

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika da fatake daga Nijar da kudancin Najeriya, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wani kaso na cinikin dabbobi yana bi ta na'urar POS da wayar hannu. Dillali ba ya sakin igiya sai fuskar na'ura ta nuna kuɗi sun shiga. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori Android ne ke tafiyar da su, shi kuwa Android a kan Linux aka gina shi, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991. A can ciki akwai wata rigima da mai ciniki ba ya gani.

Ƙwaƙwalwar na'ura ba ta zama tana gadin kowane sashe. Wanda ke da buƙata shi ke aiko da sigina ya katse mata aiki. Sashen da ke zana hoto kan yi haka kusan sau 60 a daƙiƙa, duk lokacin da ya gama zana fuska ɗaya. Direban fuska, wato manhajar da ke kula da wannan sashe, yana da ƙasa da milisakan 17 ya shirya hoto na gaba. In ya makara, hoto ya yage ko ya tsaya.

Layukan aiko da siginar ba su taɓa wadata ba. Kwamfutar IBM ta 1981 layi takwas gare ta, ta 1984 ta kai goma sha biyar masu amfani. Da tsarin PCI ya zo a farkon shekarun 1990, sai aka amince sassa da dama su yi tarayya a layi guda. Cif ɗin waya na yau yana da ɗaruruwan layuka, amma tarayyar ba ta mutu ba.

Abin kamar gidan haya ne mai zaure ɗaya, a yi sallama ba a ambaci sunan kowa ba. Dole kowane magidanci ya leƙo. Haka Linux ke yi: in sigina ta zo a layin tarayya, sai ya kira direbobin da suka yi rajista a kansa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya duba rajistar sashensa, ya ce "nawa ne, na biya" ko "ba nawa ba ne". Wanda ya ce nasa ne alhali ba nasa ba, ya ɓoye matsalar wani. Wanda ya manta bai share alamar kiran ba, layin zai ci gaba da kira ba ƙaƙƙautawa, na'ura ta ɗau zafi, batir ya zube. Linux ma yana da iyakar haƙuri: cikin kira 100,000, in fiye da 99,900 ba su sami mai amsawa ba, sai ya rufe layin baki ɗaya, ya rubuta cewa babu wanda ya kula. Daga nan har sashen da bai yi laifi ba ya kurmance.

Inda abin ya fi daɗin nazari shi ne lokacin da fuska ke barci. Don tattalin batir, ana ɗauke wa sashen zane wuta da zarar fuska ta mutu. To ga maƙwabci ya yi kira a layin tarayya, Linux ya tashi direban fuska, shi kuma ya je karanta rajistar sashen da ba wuta a jikinsa. A wasu cif ɗin wannan kaɗai ya isa ya sandarar da na'ura. An ga irin haka a cif ɗin kamfanin Rockchip na ƙasar Sin, waɗanda ake sa wa a kwamfutocin tafi-da-gidanka da akwatunan talabijin: sashen zane da sashen da ke tsara masa ma'adana layi ɗaya suke amfani da shi. Toshe layin yayin barcin fuska ba mafita ba ce, don maƙwabcin ma an toshe masa baki. Gyaran da ya shiga Linux a 2018 gajere ne: direba ya fara tambaya ko sashensa a farke yake, in yana barci ya ce ba nasa ba ne, kada ya taɓa komai. A ganina wannan ya fi dabarun da ake yi wa kirari, don ya rage aiki ne, bai ƙara ba.

Ba kowace fuska da ta sandare ke da wannan ciwo ba. Zafin Afrilu, ƙura da faɗuwa sun fi yin ɓarna. Sai dai in ciwon na direba ne, mai gyara ko ya sauya gilashi sau uku ba zai warke ba, filashin ma tsohuwar manhajar zai mayar. Maganin yana hannun kamfanin da ya ƙera na'urar, wanda zai ɗauko gyaran ya turo sabuntawa, kuma na'urori masu araha da suka fi yawa a hannun mutanenmu su ake fara daina turo wa.