In Malamin Gona Ya Sami Sabon Aiki, Ya Tafi Ko Ya Zauna?

Kowace shekara, da zarar an gama kaka, wata magana takan taso a ƙungiyoyinmu na gama kai. Sai a ji malamin gona ko magatakardan ƙungiya ya sami takarda, ana kiransa aiki a wani wuri. Wani kamfanin iri ne ke nemansa, wani kuwa wata ƙungiyar taimako ce daga Katsina ko Kaduna. Albashin ya fi wanda yake samu, wani lokaci har da babur. Shi kuma yana son aikin da yake yi, yana son mutanen da yake yi wa. Mun ga ya kamata mu tattauna wannan magana a fili, domin ta shafi mai tafiya, ta kuma shafi waɗanda zai bari.

Abin da ya faru a Funtuwa

Wannan ƙasa tamu ta taɓa ganin irin wannan. A shekarar 1975 aka buɗe babban aikin bunƙasa noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Aikin ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. An yi hanyoyin karkara, an gina madatsun ruwa, an buɗe wuraren sayar da takin zamani da iri kusa da manoma. A wannan zamani ne masara ta bar bayan gida ta zama abin noma na kasuwa a ƙasar da aka sani da auduga da dawa.

Aikin ya bukaci ma'aikata da yawa, iyayenmu kuma suna ba da labarin yadda samari masu ilimi suka riƙa barin inda suke suna komawa can. Waɗansu sun koyi sana'ar da ta riƙe su har tsufa. Amma aikin na shekara biyar ne. Da wa'adinsa ya cika, sai aka mai da shi hannun gwamnatin Jihar Kaduna, bayan an yi Jihar Katsina a 1987 kuma ya koma ƙarƙashin hukumar KTARDA. Da kuɗin Bankin Duniya suka janye daga baya, aikin malaman gona ya yi sanyi ƙwarai. Abin koyo a nan shi ne, aikin da aka kafa a kan rance ko tallafi yana da ranar ƙarewa. Mai shigarsa ya san wannan rana tun kafin ya sa hannu.

Lissafin da mai tafiya zai yi

Ba mu ce kowa ya zauna ba. Rayuwa ta yi tsada, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. A wajen Faskari da Ƙanƙara 'yan bindiga sun hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Mutumin da yake da 'ya'ya a makaranta da tsofaffi a gida, in ya nemi abin da zai riƙe su, bai yi laifi ba. Sai dai kafin ya amsa, ya zauna da alƙalami.

Na fari, ya auna albashin da kyau. A ƙauye yana cin hatsin gonarsa, yana kwana a gidansa. A birni zai biya haya, ya sayi ruwa, ya auno masarar da a da yake ɗiba daga rumbu. In ya cire waɗannan duka, me ya rage? Sau da yawa ƙarin da ya ga yana da girma, bai kai yadda ya zata ba.

Na biyu, ya tambayi tsawon aikin. Na dindindin ne, ko na shekara biyu? Akwai fensho? A rubuce aka ba shi, ko da baki? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Na uku, ya gane abin da yake so a aikinsa na yanzu. In tsayuwa a gona da manoma ne ke faranta masa rai, sabon aikin kuwa cike takardu ne a ofis, to, kuɗi ba za su maye masa wannan ba. In kuma aikin sayar da kaya ne, ya tambayi kansa ko zai iya gaya wa manomi gaskiya ranar da maganin kamfaninsa bai dace da gonar ba.

Na huɗu, kada ya yanke shawara shi kaɗai. Ya yi magana da uwargida, domin ita ce za ta riƙe gida da gona in ya tafi. Ya nemi wanda ya taɓa aiki a wurin ya ji daga bakinsa. Ya yi addu'a, ya shawarci dattawan ikilisiya.

In tafiya ta tabbata

Yadda mutum ya bar aiki ya fi nuna halinsa a kan yadda ya shige shi. Kada a tafi da damina. Tsakanin shuka da zuba taki na biyu ne manomi ya fi bukatar malami, balle yanzu da tsutsar masara, wadda ta shigo Nijeriya a 2016, take iya cinye gona cikin 'yan kwanaki. A bari sai an yi girbi, an karɓi bashin taki, an rufe lissafi. A miƙa littattafai da mabuɗin sito a gaban 'yan kwamiti, a canja sa hannu a banki. A kuma zaga da magaji gona gona, a nuna masa inda ƙuduji ya yi yawa, da fadamar da ruwa ke kwanciya, da gwauruwar da akan yi wa haƙuri da bashi. Irin wannan sani ba ya cikin littafi.

Namu aikin, mu 'yan ƙungiya

'Yan'uwa manoma, mu ma akwai abin da ya rataya a wuyanmu. In muna biyan malami a makare, ko mun bar shi yana zuba mai a babur daga aljihunsa, kada mu yi mamaki ranar da ya yi sallama. Kada kuma mu kira shi maci amana. Wanda aka sallama da albarka yakan dawo da sabon iri da sabuwar dabara, ya zama ƙofarmu a inda ya je.

Shawararmu ita ce, kowace ƙungiya ta zaɓi matasa biyu, namiji da mace, su riƙa bin malami tun daga wannan rani. A taronku na gaba, ku sa wannan magana a kan gaba.