Darasi da Hantsi, Wasa da La'asar

A tsakiyar shekarun 1980, wanda ya kunna tashar BBC ta biyu a Birtaniya ranar aiki ya bar ta a kunne tun asuba har dare, zai ga wani irin haɗi da ya yi ƙaranci a yau. Da sanyin safiya, kafin mutane su fita nema, malamin jami'a ne tsaye gaban allo yana warware lissafi ga ɗaliban Open University, jami'ar karatu daga gida wadda ta fara watsa darussanta a tashar a watan Janairun 1971. Da hantsi sai shirye-shiryen makarantu su karɓa har bayan azahar: koyon karatu ga ƙanana, kimiyya da Faransanci da tarihi ga 'yan sakandare. Da la'asar a koma filin tseren dawaki ko teburin sunuka, wasan buga ƙwallaye da sanda. Da daddare kuma a kawo shirin bincike a kan taurari ko cututtuka ko namun daji. Mai kallon wannan zamani zai iya cewa ai wannan kwamacala ce. Ni kuwa ina ganin wannan haɗin shi ne babban amfanin tashar, kuma rarraba shi da aka yi daga baya ya jawo asarar da ba a cika lissafawa ba.

Da niyya aka tsara abin. John Reith, shugaban BBC na farko, ya ɗora gidan a kan ayyuka uku: sanarwa, ilimantarwa da nishaɗantarwa, kuma kuɗin lasisi da gidajen masu talabijin ke biya ne ke ɗaukar nauyinsa, ba tallace-tallace ba. Darussan makarantu ta talabijin sun fara a 1957, tashar kasuwanci ta ITV ta riga a watan Mayu, BBC ta biyo baya a Satumba. Da aka buɗe tasha ta biyu a Afrilun 1964, cikin 'yan watanni ta haifi shirye-shirye biyu da har yau ake yi: Horizon na kimiyya, da Match of the Day na ƙwallon ƙafa, wanda ya fara da wasan Liverpool da Arsenal a watan Agusta. David Attenborough, wanda duniya ta fi sani da finafinan namun daji, ya karɓi ragamar tashar a 1965. A zamaninsa ta fara nuna hoto mai launi da gasar tanis ta Wimbledon a 1967. A 1969 ta fito da Civilisation, kashi 13 a kan tarihin zane da gine-ginen Turai, kuma a shekarar dai ta fito da Pot Black, gasar sunuka. Dalili ɗaya ne ya haɗa su: zanen manyan gwanaye da ƙwallayen sunuka ja da shuɗi da ruwan hoda a kan koren teburi duk ba sa fitowa a hoton baƙi da fari. Mutum ɗaya ne ya ga cewa mai son zane da mai son wasa za su iya cin tuwo a kwano guda.

Hikimar tana cikin yadda ɗan Adam yake kallo. Mutum ba ya neman abin da bai san da shi ba. Direban bas da ya dawo gida a gajiye ba zai tashi ya nemo bayani a kan yadda duwatsu masu aman wuta ke fashewa ba, amma in ya zauna don wasa, wasa ya ƙare, bayanin ya biyo, sau da yawa yakan tsaya. Masu tsara jadawali sun san haka, suna kuma da dabarar da suka daɗe suna yi: a rataya shirin da ba shi da farin jini tsakanin shirye-shirye biyu masu jan jama'a, kamar igiyar shanya tsakanin turaku biyu. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Wasa kuwa yana jan jama'a ƙwarai. Wasan ƙarshe na gasar sunuka ta duniya a 1985, tsakanin Dennis Taylor da Steve Davis, ya riƙe mutum miliyan 18.5 gaban BBC ta biyu har bayan sha biyun dare. Tashar da ta iya tara wannan taro ita ce dai mai koya wa yara karatu da safe, kuma duk wanda ya saba da ita saboda wasa ya san inda darasi yake.

Ɓangaren makarantu ya cancanci a dube shi da kyau, domin an yi shi da kulawa. A 1983 aka mayar da shi daga tasha ta ɗaya zuwa ta biyu. A makarantun firamare da yawa talabijin ɗaya ce tak, babba, a kan wani dogon teburi mai taya, ana gungura ta zuwa aji ko zauren taro. Yara su zauna a ƙasa sun tanƙwashe ƙafa. Kafin shiri ya fara, wata alama kan bayyana a fuskar akwatin tana ƙirga daƙiƙoƙin ƙarshe, don malama ta samu sararin tsawatar wa masu surutu ta daidaita murya. Tun kafin zango ya kama an aika wa makarantu jadawali da littafin jagorar malami, saboda haka ta san kalmomin da za ta koyar kafin kallo da tambayoyin da za ta yi bayansa. Shirin Look and Read, wanda ya fara a 1967, yakan ba da labari mai sa zumuɗi kashi-kashi, ya tsaya a daidai inda yaro ke ɗokin jin ƙarshe, sannan a tura shi ya karanta labarin a takarda. Akwai kuma masu kallon da ba a yi shirin don su ba: uwa a gida, tsoho mai fansho, ma'aikacin dare, baƙon da ke koyon Turanci. Ba wanda ya tambaye su takardar shiga aji.

Masu suka suna da hujjoji, kuma wasu na da ƙarfi. Na farko sukan ce wane ne ya ba wasu 'yan boko a Landan ikon zaɓar wa jama'a abin da ya dace su gani? Tambayar tana kan hanya, domin lalle ɗanɗanon masu tsarawa ya rinjayi abin da aka nuna. Civilisation kansa ya taƙaita ga Yammacin Turai, an kuma soke shi a kan haka. Sai dai yau ma akwai mai zaɓa. Manhajar da ke jera wa mutum bidiyo a waya tana zaɓa ne bisa abin da zai daɗa riƙe shi, don ta sayar da lokacinsa ga masu talla. Mai tsara jadawalin gidan jama'a sananne ne, ana iya kiransa gaban majalisa, jaridu su yi masa ca. Wanda ake iya tuhuma ya fi wanda ba a ganinsa.

Suka na biyu ya fi nauyi: talabijin ita kaɗai ba ta koyar da yaro. Wannan gaskiya ne, kuma a Afirka ta Yamma aka ga shaidarsa. A Nijar, talabijin ta fara ne a matsayin ta makaranta a 1964, amma ba ta kai ga yawancin yaran ƙasar ba. Kodebuwa ta ɗora karatun firamare a kan talabijin daga 1971, ta jingine tsarin a farkon shekarun 1980 bayan ƙorafin iyaye da malamai. Abin lura shi ne a can an ɗora wa akwatin kayan da ya fi ƙarfinsa, an so ya toshe giɓin ƙwararrun malamai. A Birtaniya shirin minti ashirin ne cikin ranar da malami ke jagoranta, kuma da haka ya yi amfani. Wannan suka iyaka ce ga abin da za a nema daga talabijin, bai rushe amfaninta ba.

Na uku sukan ce zamani ya wuce wurin. Da rikodar bidiyo ta shiga makarantu, malamai sun huta da karkata jadawalin aji don ya dace da na tasha. A 1995 BBC ta buɗe sashen tsakar dare na shirye-shiryen ilimi don a naɗa a kalla daga baya, a 1998 ta buɗe dandalin Bitesize a intanet, Open University kuma ta daina watsa darussanta a Disambar 2006. Ga malami wannan sauƙi ne na gaske. Amma darasin da aka kai ƙarfe uku na dare ko aka ajiye a intanet sai mai nemansa ke samu, wancan mai kallon da ke tsintarsa a hanya an rasa shi. Wasa ma ya bi tasa hanya tun da tashar kuɗi ta Sky ta sayi haƙƙin nuna gasar Firimiya kai tsaye a 1992, har dokar watsa shirye-shirye ta 1996 ta ƙarfafa kariya ga wasu manyan wasanni, irin su gasar cin kofin duniya da wasan ƙarshe na Wimbledon, don kada su kuɓuce wa tashoshin kyauta.

Annobar korona ta gwada wannan suka na uku. Da aka sake rufe makarantun Birtaniya a Janairun 2021, an riga an san daga ƙiyasin Ofcom, hukumar da ke kula da sadarwa, cewa yara fiye da miliyan ɗaya ba su da kwamfuta a gida. Daga ranar 11 ga watan BBC ta mayar da darussa kan talabijin: sa'a uku kowace safiyar ranar aiki ga 'yan firamare a tashar yara ta CBBC, da aƙalla sa'a biyu ga 'yan sakandare a tasha ta biyu. Gidan da yara uku ke rububin wayar uwarsu, data kuma ta ƙare, yana da akwatin talabijin a falo, kuma tashar da ta kawo masa darasin ita ce wadda uban gidan ya saba kallon sunuka a cikinta.